Tulif da Kala-lili a Tsakar Gidan Daura: Amsa ga Hajiya

Wata Hajiya daga Daura ta aiko mini da tambaya. Ɗanta da ke karatu a Turkiyya ya kawo mata tsarabar albasar furen tulif guda ashirin. Ta shuka su a tsakar gida da faɗuwar damina, ko ɗaya bai tsiro ba, da ta tona sai ta tarar sun zama kunu. Yanzu ga bikin 'yarta ya taso cikin Janairu, tana son a ƙawata wurin kamu da tulif da farin furen nan da ake kira kala-lili, kuma so take a ce daga gidanta aka yanko su. Ta tambaya ko hannunta ne ba ya karɓar shuka, ko kuwa taki ne ya yi kaɗan.

Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Ki cire wa ranki zancen hannu. Na shekara da shekaru ina renon furanni a nan Katsina, kuma da ni aka ba wa albasar nan na binne ta a watan Yuni, abin da kika gani shi zan gani. Taki ma ba shi da laifi. Abin da tulif yake nema sanyi ne irin wanda ƙasarmu ba ta yi, ko a tsakiyar hunturu.

Asalin tulif ɗan kan duwatsu ne na tsakiyar nahiyar Asiya, wajen Kazakistan da maƙwabtanta, inda ƙanƙara take rufe ƙasa wata da watanni. Can ya saba rayuwarsa: ya kwanta cikin ƙasa duk tsawon sanyi, ƙanƙara na narkewa ya fito da sauri ya yi fure, zafi na shigowa ganyensa ya bushe ya koma barci. Turkawan Daular Usmaniyya sun mayar da shi furen fada, har akwai wani zamani a tarihinsu, daga 1718 zuwa 1730, da ake kira zamanin tulif. Sunan da Turawa suke kiransa da shi ma daga kalmar rawani ta Farisanci ya samo asali, saboda furen ya yi kama da naɗi. Ya shiga Holan a ƙarshen ƙarni na 16, inda masanin tsirrai Carolus Clusius ya shuka shi a garin Leiden a 1593. Mutanen Holan suka haukace a kansa, farashin albasa ɗaya ya yi ta hawa har kasuwar ta rushe a Fabrairun 1637. Hotunan nan da kike gani a waya, fili ja da rawaya iya ganin ido, yawancinsu daga can ne. A lambun Keukenhof kaɗai ana binne albasar furanni kusan miliyan 7 duk shekara, amma wajen mako takwas kawai ake buɗe shi, daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu. Su da ke da sanyin ma ɗan lokaci suke morar furen.

Idan kika sami lafiyayyar albasar tulif kika raba ta biyu daga sama zuwa ƙasa da wuƙa mai kaifi, ki duba tsakiyarta da kyau. Za ki ga wani ɗan abu fari-fari mai ruwan ɗorawa, bai fi ƙwayar shinkafa ko biyu ba, a naɗe cikin ɓawo. Furen ke nan, an riga an halicce shi da komai nasa. Abin da ya rage masa shi ne karan da zai ɗago shi sama, kuma karan ba ya miƙewa sai albasar ta sha sanyi na ƙasa da digiri 9 har tsawon mako 12 zuwa 16 a jere. Ki auna da namu. Daren da muke cewa sanyi ya yi tsanani a Daura, wanda ake kwana da garwashi a ɗaki, yawanci digiri 12 ne zuwa 14, kuma kafin azahar rana ta mayar da shi kusan 30. Ga bazara kuma, Afrilu da Mayu, ana haura 40. Albasar da kika binne ta tarar da ƙasa mai ɗumi da laima a lokacin da take barci, ba ta shan ruwa, ba ta da saiwa. Ƙwayoyin cuta suka same ta a kwance suka cinye.

To ko akwai dabara? Akwai, firji. Ana sa albasar cikin jakar takarda, ba leda ba, a ajiye a ɓangaren kayan miya na firji, ba wajen ƙanƙara ba, har mako 12 ko fi. In an fara a makon farko na Satumba, a fito da ita farkon Disamba a shuka a tukunya nan take, kan mai tsini yana kallon sama. Cikin mako uku zuwa biyar sai fure. A baki abu ne mai sauƙi, amma akwai sharuɗɗa masu wuya. Firjin nan ba zai ɗauke na kwana da kwanaki ba, kin kuwa san halin wutarmu. In babu sola mai ƙarfi, kada a fara. Ba a haɗa albasar da ayaba, tuffa, mangwaro ko tumatir a firji ɗaya, domin 'ya'yan itace masu nuna suna fitar da wata iska mai suna etilin wadda take kashe ɗan furen nan tun yana ciki. Sai ki ga ganye ya fito kore shar, fure babu. Bayan an shuka kuma, tukunyar tana son wuri mai haske wanda zafinsa bai wuce digiri 18 ba, wato ɗaki mai na'urar sanyaya iska dare da rana.

Wani zai ce a sa a randa. Randa tana sanyaya abu ƙwarai, dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani ita ta sa Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tana tsawaita ran tumatir da alayyafo, amma ba ta sauka digiri 9, kuma laimarta ruɓar da albasar za ta yi.

Akwai wani abin da nake so ki riƙe da kyau. Albasar tulif ta yi kama da ƙaramar albasar miya, ga ta kuma a firji kusa da kayan miya. Tana da guba, ga mutum da dabba. Ki rubuta a jikin jakar, ki gaya wa duk mai shiga kicin.

Na taɓa gwada wannan hanya da albasa talatin. Wata uku ina lallaɓa firji kamar mai jinya. Goma sha ɗaya suka yi fure, gajeru, karan bai kai taƙi ɗaya ba. Ranar da suka buɗe da asuba na daɗe a tsugune ina kallonsu, ja wur kamar an zuba musu mai, raɓa a gefen kowane kunne. Kafin la'asar ta kwana na uku sun baje sun zube. Albasar kuma ba ta sake yin komai ba, domin zafinmu ba ya barin ganyen ya daɗe har ya tara mata abincin baɗi. Saboda haka in don sha'awa ne, ki gwada da biyar ko goma, za ki ji daɗin gani. Amma ban yarda ki ɗora kwalliyar bikin 'yarki a kan abin da ɗaukewar wuta ta kwana biyu za ta iya rusawa ba.

Kala-lili labarinsa daban ne, kuma a nan nake da abin faɗa mai daɗi. Shi ɗan Afirka ne, daga Afirka ta Kudu da Lesoto da kewayensu. Duk da sunansa, ba dangin lili ba ne, ɗan'uwan gwaza ne. Ki dubi ganyensa mai kama da kan mashi, ki dubi curin da ke ƙasa, za ki gane zumuncin. Farin abin nan mai kama da mazurari wanda muke kira fure, ganye ne da ya sauya kama. Ainihin furannin ƙanana ne ƙwarai, suna jere a jikin ɗan sandan rawaya da ke tsakiya. Ya gaji ƙaiƙayin gwaza kuma, har ya fi. Yaro ko akuya in suka tauna ganyen, baki da maƙogwaro za su yi zafi su kumbura, don haka a ɗaga tukunyar daga inda masu rarrafe suke.

Ba ya neman ƙanƙara. Abin da yake so rana mai sauƙi, wajen digiri 18 zuwa 25, da dare mai sanyi-sanyi. Shi ya sa yake jin daɗi a Jos, wadda take kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, da tsaunin Mambila da ya fi ta tsayi. Mu a nan ba mu da wannan yanayi duk shekara, amma muna da aron sa daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Duk dabarar renon kala-lili a ƙasar Katsina ita ce a cusa rayuwarsa cikin wannan wata huɗu, kamar yadda masu lambu a Ajiwa da Jibiya suke yi da kabeji da latas.

Iri biyu ne a kasuwa, kuma ruwan da suke sha ba ɗaya ba ne. Farin babba ɗan fadama ne, a ƙasarsu bakin rafi yake fitowa, yana son ƙasarsa kullum da danshi. Masu launi, rawaya da ruwan hoda da jan garura, su kuwa ba sa son ƙafarsu cikin ruwa ko kaɗan. Yawancin asarar da nake gani daga nan take: a sayi mai launi a riƙa yi masa ban ruwan fari.

Ki nemi curi mai tauri, mai nauyi a hannu, wanda ba ya da tabo mai laushi. Ki shinshina shi; lafiyayye ƙamshin ƙasa yake yi. Ki shuka a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, idan zafin kaka ya fara karyewa. Daga shuka zuwa fure wajen mako 8 zuwa 12 ne, kin ga ya faɗo daidai Janairu. Gefen da yake da ƙuraje, wato idanun, shi ke kallon sama, mai santsin yana ƙasa, a rufe da ƙasa kamar tsawon ɗan yatsa.

Tukunyar ƙasa za ki sa, irin ta maginanmu, a huda mata gindi huji uku ko huɗu. Baƙar robar nan da ake sayar da dashe a ciki tana ɗaukar zafi, in rana ta doke ta sai ta dafa saiwa. Tukunyar ƙasa kuwa tana gumi, gumin yana sanyaya cikinta. Ƙasar da nake haɗawa ita ce kashi ɗaya jigawa, kashi ɗaya takin shanu da ya shekara ya ruɓe har ya koma baƙi ba ya wari, kashi ɗaya ɓuntun shinkafa da aka babbaka sama-sama. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa kuma yana kiran gara. Kada ki zuba toka, duk da na san al'adarmu ce a shuka. Kala-lili yana son ƙasa mai ɗan tsami, toka kuwa kashe tsami take yi. Yuriya ma ki bar ta. Tana sa ganye ya yi fankam-fankam, fure ya ƙi, jikin shukar ya yi ruwa-ruwa cuta ta sami ƙofa. Rabin ƙaramin cokali na NPK 15-15-15 a gefen tukunya duk bayan mako uku ya isa, bayan ganye ya buɗe.

Wurin ajiya shi ne gabashin ɗaki, inda hantsi zai taɓa shi zuwa ƙarfe goma sannan inuwa ta rufe, ko ƙarƙashin bedi inda rana take tsiyayowa ta cikin ganye. Ki kare shi daga iskar arewa maso gabas da zana ko asabari, domin iskar hunturu tana busar da bakin ganye ya yi kamar an ƙona. Ƙura kuma ki riƙa share ta da jiƙaƙƙen tsumma duk bayan kwana biyu.

Babban abokin gabarsa ruɓa ce da wata ƙwayar cuta take kawowa idan zafi da ruwa suka haɗu. Na ga yadda take yi ba sau ɗaya ba. Da yamma shuka tana tsaye lafiya. Da safe ganye ɗaya ya yi rawaya ya kwanta, ka ja shi kaɗan sai ya zare daga gindi ba gardama, ƙarshensa ya yi yauƙi, ga wari kamar na ruɓaɓɓen dankali. In ta kai haka babu magani. A fitar da tukunyar, a zubar da ƙasar nesa, a wanke hannu da wuƙa kafin a taɓa sauran. Rigakafinta a ban ruwa yake. Bayan shuka ki jiƙa sau ɗaya, ki dakata sai tsiro ya leƙo. Daga nan ki riƙa tura yatsa cikin ƙasar. In gaɓa biyu ta bushe ki ba da ruwa, da sassafe, a gefen tukunya, ba a tsakiyar shukar ba. In kin ga farin gishiri yana taruwa a bakin tukunya, ruwan burtsatsen ne. Sau ɗaya a wata ki kwarara ruwa sosai har ya fita ta ƙasa ya wanke shi.

Idan Maris ya shigo ganye zai fara rawaya. Ki janye ruwa, ki bar shi ya bushe da kansa, ki tone curin ki shanya a inuwa, ki adana cikin busasshen yashi a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Wasu za su kai baɗi, wasu bazara za ta tsotse su. Ni ina lissafa shi a shukar shekara ɗaya, wanda ya rayu riba ce.

Amma abin da ya fi damuna, Hajiya, shi ne yadda muke tsallake furannin da suke son mu. In siffar tulif kike so, kara ɗaya miƙaƙƙe da babban fure a kai, ki nemi amarilis. Albasa ce babba, asalinta daga Kudancin Amurka, ba ruwanta da firji. A dasa ta kashi ɗaya cikin uku yana waje, cikin mako 6 zuwa 8 ta fito da kara mai kauri ɗauke da fure har huɗu, kowanne ya kai tafin hannu, ja ko fari ko mai ratsi. In kika dasa a tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshensa za ta riski bikin. Bayan fure a ci gaba da ba ganyen ruwa da taki, daga baya a hana ta ruwa wata biyu ta huta, ta sake yi. Tana 'ya'ya a gefe, tukunya ɗaya ta zama biyar. Wannan ita nake ba duk wanda ya zo mini da zancen tulif.

Ga kuma kariya, wadda kakanninmu suke dasawa a shinge. Turawa suna kiranta wardin hamada, masu sha'awa a Tailan da Taiwan sun fitar da launuka iri-iri daga gare ta suna sayarwa da tsada. Cikin rani, lokacin da komai ya bushe, ita take rufe kanta da fure ruwan hoda ba ko ganye. A faffaɗan kasko, gindinta mai kumburi a waje, ba ta da na biyu a bakin zaure. Ruwan jikinta dafi ne, a kiyaye ido da yara. Albasar kwaɗi da ke fitowa a fadamunmu da ruwan farko, fara mai jan ratsi, 'yar'uwar amarilis ce kuma tana zama a tukunya. Boganbiliya tana hawa katanga, ƙishi ma ƙara mata fure yake yi. Ko lallen da ke bayan ɗaki, in aka bar shi ya yi fure, ƙamshinsa da magariba ya isa tsakar gida.

Game da ranar bikin, shawarata ki raba abin biyu. Tukwanen amarilis da kala-lili da kika rena su jeru a hanyar shigowa da gefen kujerar amarya, a tukwanensu, kada a yanke su. Tukunyar ƙasa da aka goge aka ɗaura wa ƙyallen saƙi ta fi kowace roba kyau a hoto. Wanda amarya za ta riƙe da na kan tebur kuwa a yi odar yankakke daga masu furanni a Jos, Abuja ko Kano, ya iso ana gobe, a mota mai sanyi. In lallai sai tulif, a nan ne wurinsa: 'yan ƙwarori kaɗan a hannun amarya, a san cewa daga waje aka shigo da shi kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Bangon da ke bayan kujera, wanda fitila take haskawa sa'o'i, na roba ya fi dacewa da shi, babu abin kunya a ciki.

Furen na isowa a yanke ƙasan kowane kara a karkace da reza mai tsabta, a cire ganyen da zai nutse, a tsoma cikin ruwan randa. Kala-lili da tulif duka ruwa kaɗan suke so a kwalba, kamar yatsa uku, domin karansu yana laushi in ya nutse da yawa. A lita ɗaya ta ruwa a sa ƙaramin cokali na sukari da ɗigo biyu ko uku na bilic ɗin wanki, a canja kullum. Tulif yana ci gaba da tsawo ko bayan an yanke shi, yana kuma lanƙwasa wajen haske, saboda haka a naɗe shi da takarda a tsaye har zuwa lokacin da za a fito da shi. A nisanta su da fanka, da tiren 'ya'yan itace, da kaskon turaren wuta. Na san gidan biki ba ya rabuwa da turare, amma hayaƙi yana ɗauke da etilin ɗin nan da na ambata, yana tsofar da fure cikin sa'o'i. A turara ɗakin tukuna, hayaƙi ya lafa, sannan a shigo da furanni.

In yaron zai sake kawo miki albasa ko curi daga waje, ya nemi izinin hukumar NAQS mai kula da shigo da tsirrai da dabbobi, ya kuma karɓi takardar lafiyar shuka daga inda ya saya, don kada a karɓe a filin jirgi, kada kuma ya shigo mana da cutar da za ta faɗa wa albasar manomanmu. Ki ce masa amarilis ya nemo, manya masu nauyi. Ke kuma tun yanzu da marka ba ta wuce ba ki sa a tara miki takin shanu a rami a rufe, ki aika wa maginiya ta gina miki tukwane goma sha biyu masu faɗin baki, ta huda gindinsu tun suna ɗanye kafin a gasa.